Shekarar da Na Daina Kai Alhazai Shagon Bakur

Na san abin da kuke faɗa a bayana, ku 'ya'yana, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska. Kuna cewa ni na kai ƙarar kawunku Bakur, aka rufe masa shago, aka fitar da shi daga garin da aka binne cibiyarsa. A bakin dangi kuka ji, kuka tashi da maganar, har ta zame muku kamar abin da kuka gani da idonku. Na yi shiru da farko saboda Inna tana raye, bayan ta rasu kuma shirun ya riga ya zame mini jiki. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, zan faɗa muku yadda abin ya kasance, har da inda laifina yake, don akwai shi.

Ni da Bakur a unguwar Ruwais aka haife mu, ɗaki ɗaya. Kakanninmu da ƙafa suka taho ta Sudan, jirgin ruwa ya sauke su a tashar nan ta Jidda, suka yi Hajji, komawa kuma ba ta yiwu ba. Shekara goma na ba Bakur. Mahaifinmu ya rasu yana rarrafe, Inna ta fita neman abin da za mu ci, saboda haka a bayana ya yi wayo. Ba mu samu takardar zama 'yan ƙasa ba, da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, muke zaune kamar wanda ya zo jiya, kuma duk wanda yake zaune da iƙama ya san zamansa a bakin wani yake rataye. Babanku Idrisu a tashar jiragen ruwa ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuma sana'ata ita ce raka alhazai da masu Umra sayen tsaraba. Mata ne yawanci, daga Kano, daga Gusau, daga Maraɗi, ba su jin Larabci, ba su san inda za a cuce su ba. Ni nake shiga gaba, in taya musu, in ce wannan darduma ta kirki ce, wancan turare ruwa ne aka zuba masa launi. Ba ni da shago, ba ni da jari. Abin da nake ci da shi kawai shi ne in na ce abu na da kyau, ana yarda.

Lokacin da shagunan Abu Riyalain suka fara yawa a gari, waɗanda komai a cikinsu riyal biyu ne, daga baya aka samu na biyar, ban yarda da su ba. Inna ta koya mana araha ba ta ado, ni kuma na riƙe. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, waɗannan shaguna sun rufa wa mutane asiri. Na ga tsohuwa daga ƙauye, wadda ta sayar da gona ta zo Hajji, tana kuka a masauki don mutum fiye da arba'in na jiranta a gida kuma abin da ya rage mata ba zai sayi darduma biyar a kasuwar Balad ba. Na kai ta irin wannan shago, ta fito da carbi da hula da zobe da ƙaramin madubi, kowa da nasa, tana tafe tana sa mini albarka. Ke Maryam, robobi da cokula da matacin shayi na ɗakinki duk a can na haɗa su, kuma na san har yau akwai wanda kike amfani da shi. To amma a can ne na sayi butar lantarki da ta narke a kwana na uku, ta kusa kama labule. A can ne ake sayar da turaren da ƙanshinsa ke gudu kafin ka kai bakin titi. Kuma mutum yakan shiga neman tsintsiya ɗaya ya fito da leda biyu cike da abin da bai san yana buƙata ba, yana murna wai ya yi riba. Da haka na koya wa kaina hanya: abin da za a riƙe a hannu ko a ajiye a ƙasa, a saya a can. Abin da zai shiga baki, ko ya taɓa fata, ko ya haɗu da wuta, sai an duba sau biyu.

Bakur ya daɗe yana fama. Ya yi tuƙi, ya yi dakon kaya a tasha, ya yi gadi, babu wanda ya riƙe shi. Ya haura arba'in lokacin da ya haɗu da wani kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo a kan iƙamarsa, ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya buɗe irin wannan shago a unguwar Sharafiyya ya damƙa masa. A takarda, shagon na kafilin ne, Bakur ma'aikaci ne kawai. A zahiri kuwa Bakur ne ke buɗewa, shi ke rufewa, shi kowa ya sani. Ranar da aka buɗe, Inna ta sa aka kai ta a mota, ta zauna a kan kujerar roba a bakin ƙofa tana kallon mutane suna shiga, tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ma na yi murna. Shekara biyu ina kwasar alhazaina ina kai masa, wani lokaci mota biyu a yini. Abin da suka fi wawaso shi ne kwalli, a cikin 'yan ƙananan kwalabe, an manna takarda an rubuta ismidin Madina, wato kwallin dutse na asali. Riyal biyu. Na san kuɗin ismidi na gaske, na san bai yi kusa da haka ba. Na tambayi Bakur sau ɗaya, ya ce sari suke yi da yawa shi ya sa. Na karɓi amsar saboda ina son in karɓa. Wannan shi ne laifina na farko.

A shekara ta uku wata baƙuwata, Hajiya Ladi daga Gusau, ta dawo Umra. Ita ce a bara ta sayi kwallin nan kwalabe da yawa ta kai gida. Na je masaukinta da hantsi don mu fita, sai na tarar ba ta ko ɗauki jaka ba. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta ba ni labarin jikarta da aka haifa bayan komawarta. Ranar suna aka zizara wa jaririyar kwallin, don albarkar Madina. Kwana biyu idanu suka kumbura suka rufe, suna fitar da ruwa. An yi magani, na dama ya warke, na hagu ya yi fari ya tsaya a haka. Likita ya ce mai yiwuwa kwallin ne, mai yiwuwa kuma ciwo ne da ta zo da shi, ba zai iya rantsuwa ba. Ta faɗi wannan duka ba tare da ɗaga murya ba. Sannan ta dube ni ta ce:

"Ba zarginki nake yi ba, Hajiya Amina. Tambaya ɗaya nake da ita. Ke da kanki, kina sa shi a idonki?"

Ta gane amsar a fuskata. Ni kwallin da nake sawa na Inna ne, wanda take niƙa dutsensa da hannunta tun muna yara. Ban taɓa buɗe kwalbar Bakur ba. Na sa ɗaruruwan mata sun kai wa 'ya'yansu abin da ni ban yarda in kai idona ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba.

Washegari na dafa abinci na ce zan kai wa Bakur. Ban nufi shago ba, sai na nufi mustauda, wato ɗakin ajiyar kayansu da ke can wajen tasha, don na san da safe yakan leƙa can. Ban same shi ba. Na sami wasu maza biyu zaune a ƙasa, a tsakaninsu bokitin fenti cike da baƙin gari, a gefe buhun kwalabe babu komai a ciki, da naɗin takardun mannawa. Ɗaya na ɗurawa da mazurari, ɗaya na mannawa. Sun san ni yayar Bakur ce, ba su ɓoye komai ba, har suka ba ni wurin zama. Na sa yatsa a bokitin na murza. Kwalli na gaske yana da nauyi, yana da ɗan ƙyalli in ka kai shi haske, ba ya wari. Wannan kuwa ya manne mini a yatsa kamar baƙin gindin tukunya, yana warin mai irin na gareji. Na ƙulla kaɗan a takarda, na bar musu abincin na fito.

Na sami Bakur a shago, na ja shi bayan kanta inda ba kowa, na ba shi labarin jaririyar Gusau, na buɗe masa takardar. Bai ko kalle ta ba. Ya ce kafili ne ke kawo garin, ya ce akwai takardunsa, ya ce mutum nawa suka saya ba wanda ya yi ƙorafi sai mace ɗaya daga Gusau, wa ya san irin ruwan da suke wanke wa jarirai fuska da shi a can. Na ce ya cire kwallin kawai daga kanta, sauran kaya ni zan ci gaba da kawo masa mutane kamar da. Ya ce ba shi da wannan iko, in ya cire, gobe kafili zai cire shi ya sa wani. Sai ya ce:

"Yaya, ke tun muna yara ba ki taɓa ganin abu a hannuna kin yarda mai kyau ba ne. Halas, ya isa haka, ki bar ni in ci abinci."

Wannan magana ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Na tafi gida ina tambayar kaina ko dai zargi ne kawai irin nawa. Shi ya sa na kai wa Inna, ita da ta fi kowa sanin kwalli a Ruwais. A lokacin tana zaune a wurinmu, idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta komai ba. Ban gaya mata daga ina ba, na ce wani ne ya kawo talla. Ta murza, ta sansana, ta goge yatsanta a zani da sauri kamar ta taɓa ƙazanta, ta ce wannan ba dutse ba ne, kada in bari ya kusanci idon kowa. Sai na gaya mata na shagon Bakur ne. Daga nan ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin matashinta.

"Idona ba ya gani sosai yanzu, wataƙila na yi kuskure," in ji ta. "Ki rufa wa ɗan'uwanki asiri, Amina. Bai taɓa samun abin kansa ba sai wannan."

Babanku shi ne ya ce mini hanya biyu ce, ko in ci gaba da kai mutane in san abin da nake yi, ko in janye ƙafata in yi shiru. Bai ce in kai ƙara ba, ni ma ban kawo wannan a raina ba, domin na san ƙarshen wanda yake kan iƙama in hukuma ta shigo maganarsa. Na janye. Na koma kai alhazaina wasu shagunan, su ma na araha ne, kuma duk inda muka shiga sai in ce su sayi abin da suke so amma ban da kwalli da man shafawa. Wasu suka ji, wasu suka faki idona suka saya. Bakur ya daina zuwa gidanmu sai ya tabbatar na fita. In na dawo, sai in tarar da kofin shayinsa a gaban Inna, ita kuma ta kau da kai.

Ga laifina na biyu, wanda ban taɓa faɗa muku ba. A wani biki a Ruwais, muna zaune da rana ana rabon shinkafa, wata mata ta tambaye ni a gaban mutane me ya sa na daina kai baƙi shagon ƙanena, ko hassada ce. Kalmar hassada ce ta tunzura ni. Na buɗe baki na faɗi komai, jaririyar Gusau, da bokitin, da warin man. Mata huɗu ne ko biyar a kan tabarmar. Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna, don maganar da ta fita a gidan biki ba ta da linzami.

Bayan kamar wata biyu ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka zo Sharafiyya da safe, suka kwashe kwallin, suka rufe shagon suka manna takarda a ƙofa. Suka wuce mustauda kai tsaye, kamar waɗanda aka zana wa hanya. Da aka kira kafili, ya ce shi bai san da wani bokiti ba, ma'aikacinsa ne ya ci amanarsa. Maganarsa aka ɗauka. Aka kai Bakur tarhil, inda ake tsare waɗanda za a fitar daga ƙasa, bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a fasfo. Na je tarhil sau biyu da abinci da kaya, ya ƙi fitowa ya gan ni. Matarsa da yaransa suka bi shi daga baya, ba su yi mini sallama ba.

Daga nan gidanmu ya zama gidan zargi. Dangi suna zargina, ni ina zargin kowa. Na zargi matar da ta yi mini tambayar a biki, don daga baya na ji mijinta yana aiki a wani shagon araha a layi ɗaya da na Bakur. Na zargi mutanen nan biyu na mustauda. Na zargi Hajiya Ladi, ko da yake ta koma gida tun tuni kuma ba ta san ƙofar kowace hukuma ba. Har babanku na zarga. Na yi kwanaki ina kallonsa yana cin abinci ina auna maganganunsa, rannan na tambaye shi. Ya ajiye cokali ya rantse, sannan ya ce shekara talatin muna tare bai zaci zan buƙaci rantsuwarsa ba. Ya yafe mini, amma na ga abin ya zauna masa. Wanda na fi zargi har gobe shi ne kafilin. Kafin shekara ta zagayo an sake buɗe shagon da sabon suna, da sabon mutum a bayan kanta, kantocin ma ba a canja musu wuri ba. Na rufe fuskata na shiga don in gani da idona. Kwallin na nan, an canja masa kwalba, an ƙara masa riyal ɗaya. Amma zargi ba shaida ba ne, kuma ko da shi ne, wa ya san ko maganata ce ta zagaya ta kai kunnensa, ya ga gara ya sadaukar da Bakur kafin wuta ta iso shi? Wannan tambaya ba ni da amsarta.

Sana'ata ma ta taɓu. Wasu masu masauki suka daina turo mini baƙi, suna cewa wadda ta iya tona wa ƙaninta asiri ba za ta bar kowa ba. Wannan bai dame ni ba kamar Inna. Ta zauna a ɗakina shekara huɗu bayan haka, ina yi mata wanka, ina ba ta abinci, tana karɓa tana godiya kamar yadda ake gode wa baƙo. Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa kare kaina ba. Sai a ciwonta na ƙarshe, wata la'asar ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Amina, in ke ce, na yafe miki. In ba ke ba ce, ki yafe mini."

Ta rasu ba ta sake ganin Bakur ba. A waya aka gaya masa.

Bayan an yi arba'in na haɗa zannuwanta biyu da carbinta, na yi abin da ban taɓa yi ba, na hau jirgi zuwa Kano. Na same shi a wata 'yar rumfa a kasuwa yana sayar da dabino da jallabiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da gashina. Maƙwabtansa Balarabe suke kiransa, suna dariyar Hausarsa, shi da a Jidda ba a taɓa kiransa Balarabe ba. Ya gan ni, ya tashi ya ba ni bencinsa, ya aika aka kawo ruwa. Muka yi gaisuwar rasuwa. Sannan na gaya masa duk abin da na gaya muku yanzu, ban rage komai ba. Na ce ban kai ƙara ba, amma na yi magana a inda bai kamata ba. Ya saurara yana jujjuya carbin Inna. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Na ce to ni ma ina da tambaya, shin ya san abin da ke cikin bokitin nan?

"Ban taɓa sa yatsa a ciki ba, Yaya," ya ce. "Ni ma ɗan Inna ne. Na san in na sa, zan gane."

Iyakar abin da muka samu daga juna ke nan, kuma na ga ya fi babu. Kwana tara na yi a gidansa. Matarsa ta sake da ni a kwana na uku, yaransa suna ta tambayata labarin teku da unguwarmu, ƙaramar cikinsu ma ba ta tuna komai. Ranar da zan taho ya raka ni filin jirgi, ya ɗaukar mini jaka har inda aka hana shi wucewa. A nan ya tambaye ni sunayen 'ya'yanku ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa don ya riƙe, ya ce yana jin kunya ya kira ku saboda bai san abin da aka gaya muku a kansa ba.

To yanzu kun ji. Ban rubuta wannan don ku wanke ni ku ɗora masa ba, ko ku wanke shi ku ɗora mini. Kawunku ne, ya tsufa a garin da ba shi da abokin ƙuruciya ko ɗaya, kuma ku ne kaɗai kuka rage masa a Jidda. Lambarsa tana wurin Maryam. Ku kira shi tun yana iya ɗauka da kansa.